Daga Gadon Malam Zuwa Masallaci

Da sunan Allah, wanda ya ga abin da ya faru a tsakar gidanmu na Gwandu tun kafin kowa ya ba da labarinsa. Ni ban yi boko ba, allon ma ban wuce abin salla ba. Ƙanwarku Hajara ce ke riƙe da alƙalami, na kuma gaya mata in ta gyara mini magana don ta yi daɗin ji, ban yafe ba. Na gaji da abin da kuke faɗa a bayan idona, ku da matanku: wai na bar babanku yana cikin ciwo, wai da ya aiko a mayar da aure na ƙi don taurin kai. Taurin kai kam ina da shi, da shi na raine ku. Amma ku ji yadda aka yi, sannan kowa ya riƙe abin da ya ga dama.

Da kakar dawa abin ya fara. Malam ya tafi gonarsa ta hanyar Kambaza da ƙafarsa, aka dawo mini da shi a bayan motar kaya, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama kamar na aro. Mutumin da ya shekara talatin yana jan salla a masallacin unguwa, ba a taɓa tsayawa jiransa ba, sai ga shi ana juya shi kamar buhu. Kwana goma sha biyu muka yi a asibiti a Birnin Kebbi. Suka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Ranar sallama aka turo wata ma'aikaciya mai gashin ƙashi, mace mai jiki, ba ta da yawan dariya, shi ya sa na yarda da ita. Ta miƙo mini takarda mai zanen mutane suna ɗaga hannu da ƙafa.

Na ce, "Ɗiyata, takarda ba ta yi mini magana. Kama hannuna ki yi mini yadda za a yi mishi."

Ta kama. Ta lanƙwasa mini gwiwar hannu ta miƙe, ta buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta sa na kwanta a kan benci ta ɗaga mini ƙafa har na ji a ƙugu. Sau uku na sa ta maimaita, don jikina ya riƙe abin da idona ba zai karanta ba.

Ta ce, "Mama, ƙwayar nan ta hawan jini ce, kada a fasa. Ƙafa kuwa ba ta da ƙwaya sai tafiya. Kullum, ba ranar hutu. Watannin farkon nan su ne damina. In kuka bari suka wuce, ko kun shuka ba lalle ta fito ba."

Muka dawo gida, gida ya cika. Kun san Gwandu da dubiya, balle an ce liman ne kwance. Tun hantsi har magariba takalma ba sa raguwa a ƙofar ɗakinsa, kuma duk wanda ya shigo maganarsa ɗaya ce: sannu Malam, kwanta, kada ka motsa. Ya nemi ruwa, hannu uku ke rige-rigen kai masa moɗa baki. Ya yunƙura zai zauna, a danna shi a gyara masa matashi. Baffanku Sani, ƙanensa, ya kawo rubutu da man shafawa, ban hana ba, ni ma na shafa. Wata guda cur na bi mutane a kan haka, don kunya, kuma wannan watan har yau ina jin haushinsa. Ni dai ina kallo. Na ga yatsun dama suna naɗewa kamar ƙafar kaza da aka yanka. Na ga ƙaurin ƙafar yana sirancewa. Na kuma ga duk sanda aka kira salla a masallacinsa, da muryar wani, sai ya juya fuska bango. Daga gadonsa zuwa ƙofar masallacin nan, in an aika da tuwo ba ya hucewa a hanya. Ita ce tafiyar da ta gagare shi, ita ce kuma na ɗaura wa kaina cewa sai ya yi ta da ƙafarsa, ko me za a kira ni.

Ba ni da agogo, rana da kiran salla su ne agogona. Na raba yinin uku. Da hantsi, lanƙwasa da miƙewa, yadda matar nan ta yi a jikina. Da azahar, abinci, kuma da hannun dama, ko rabi zai zube a tabarma. Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, tsayuwa da tafiya. Hanyar ma na yanka ta zango-zango kamar ta fatake: ƙofar ɗaki, turmi, rijiya, rumbu, zaure, sannan masallaci. Ba a ƙara zango sai ya yi kwana bakwai yana kai na baya bai zauna a hanya ba, kuma ranar Juma'a ake ƙari. Kowace rana in ja layi da gawayi a bangon madafa. Na ɗauko tsohon majanyin da na goya ku da shi, in ɗaura masa a ƙugu in riƙe ta baya. Na bar suyar ƙuli-ƙulin da na shekara ashirin ina yi. Na bar biki, na bar suna. Ɗiyar ƙanwata ta yi aure a garinmu Kalgo ban je ba, don na san kaina: in na fasa rana ɗaya da dalili mai kyau, gobe ma wani dalilin mai kyau zai zo. Masu dubiya kuwa na ce in lokacin aiki ya yi, kowa ya tsaya a zaure. A nan muka fara da Baffanku.

Ya ce, "'Yar Kalgo, mutum shi taso tun daga Maruda don duba liman, ki ce shi jira a zaure?"

Na ce, "Shi jira. In lada ya zo nema, jira ma lada ne."

"Wanga ba jinya ba ce, horo ne."

"Awo, horo ne. Jinyarku mun gwada ta wata guda, ga hannu nan ya naɗe."

Babban yayanku, wanda ba na kama sunansa, ya zo daga Sakkwato da keken guragu sabo fil, yana murna ya kawo wa ubansa sauƙi. Na sa aka ɗora shi a saman rumfa. Ya bi ni har madafa, ya durƙusa.

"Inna, don Allah a sassauta mishi. Baba ya manyanta."

Na ce, "Da kake koyon tafiya ka faɗi ya fi a ƙirga. Keke na saya maka?"

Ya tashi. Na ga idonsa. Tun ranar ya fara ajiye mini abin da yake ajiye da shi har yau.

Shi kuwa Malam, kada ku ɗauka waliyyi ne a kwance. In ya ji takuna da hantsi sai ya rufe ido wai barci, amma fatar idon na rawa. In na juya ɗibar ruwa sai ya zura hagu a cikin tuwo, in dawo ya yi zuru. In kama hannun in sansana, in ji daddawa, in janye akushin in sake ajiye shi ta dama. Harshensa ya yi nauyi, magana ba ta fita sai guntu-guntu, amma zagi ina gane shi ko a guntu. Shekara arba'in da wani abu bai taɓa ɗaga mini murya ba, a watannin nan ya biya bashin duka. Akwai ranakun da nakan zagaya bayan rumbu in zauna a ƙasa, bayana kamar zai tsinke, in ce wa kaina, ke wa ya aike ki? Bar shi ya kwanta a yi ta yi masa sannu, ke ma a ce miki mai haƙuri. Sai in ji an kira la'asar, in tashi in ɗauki majanyi. Ba don ina da ƙarfin zuciya ba. Don la'asar ta yi ne kawai. A haka, wata uku, muka kai rijiya. Rijiya kawai.

Bazara ta shigo ranar da abin ya faru. Dattawan masallaci sun zo su biyar suna zaure, Baffanku na tare da su, babban yayanku ma yana gida. Malam ya ji muryoyinsu, ya so a shigo da su. Na ce sai an gama. Muka fita, yana huci, yana sauri don ya rabu da ni. Daf da rijiya ƙafar ta harɗe, majanyin ya suɓuce mini, ya zube a ƙasa, hularsa ta gangara cikin kwatami. Na duba, ban ga jini ba, ban ga karaya ba. Matar asibiti ta nuna mini yadda mai irin ciwon zai tashi da kansa in ya faɗi, mun kuma sha gwadawa a ɗaki. Yayanku ya sheƙo da gudu, na tare shi da hannu.

Na ce, "Bar shi shi tashi."

Dattawan sun leƙo ta ƙofar zaure. Limaminsu a ƙasa, kai ba hula, mace tsaye a kansa. Wannan ban lissafa da shi ba. Na san ƙafa, na manta da ido. Malam ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "'Yar Kalgo, na sake ki. Saki ɗaya."

Tun da ya faɗi a gona, wannan ce magana ta farko da ta fita bakinsa tas, ba gargada. Allah ya gani, abin da na fara ji a raina shi ne, ashe harshen ya fara saki. Sai daga baya sauran ya iso.

Al'adarmu kun san ta: an saki mace, ta naɗe tabarmarta ta tafi gidansu ran nan. Kafin magariba Baffanku ya yi maganar motar da za ta kai ni Kalgo. Amma ni na shekara da shekaru ina tuƙa tuwo ina jin karatun da Malam ke yi wa mutane a zaure, bango ɗaya ne tsakaninmu. Na je na tsaya a ƙofar ɗakinsa, ban shiga ba.

Na ce, "Malam, kai ka karantar a zauren ga cewa ba a fitar da mace daga ɗakinta sai ta gama idda. Da kunnena na ji. Ko karatun na matan wasu ne?"

Baffanku ya karɓe.

"To ki sani, ba ki shiga ɗakinai, ba ki taɓa shi."

Na ce, "Na ji. Ni anka saki, ba bakina ba."

Iddar mace mai shekaruna wata uku ce. Wata uku ke nan suka rage mini, ga zango uku a gaba. Tunda ba damar riƙe shi, na sa aka kafa turaku masu gwafa daga ƙofar ɗakinsa har zaure, aka ɗora gora a kai, yadda hannun hagu zai samu abin kamawa. Ni kuma na ajiye 'yar kujerata a bakin ƙofata. Da hantsi in ɗaga murya in ce hantsi ya yi. Bayan la'asar in ce rana ta yi sanyi. Kwana biyu bai fito ba. Na ja layin gawayi biyu a karkace, na ci gaba da kira. Rana ta uku ya fito, bai dubi inda nake ba, ya kama gora.

Abin da na gani daga kujerar nan shi ne abin da ba ku sani ba. Mutumin da ya yi wata uku kafin ya kai rijiya ina riƙe da shi, cikin mako biyu ya kai rumbu ba kowa a bayansa. Ashe duk lokacin nan a kaina yake jingine, ni nake ɗauke da rabin nauyin da ya kamata ƙafar ta koya. Sannan ga fushi. In na ce ya isa haka, sai ya ƙara taku biyar don kada a ce ya ji maganata. Ya fara fitowa kafin in kira, don kada ya ji muryata. Da azahar ya ci da dama, yana zubarwa, yana hararar ƙofata. Baffanku ya miƙa hannu zai tallafe shi, ya daka masa tsawa. Na ga abin da na kasa dasa masa da lallashi da faɗa ya kama da kansa, kuma ƙiyayyata ce takinsa.

Kalma ɗaya ta ishe shi ya mayar da ni a watannin nan, ba sadaki, ba shaidu na ɗaurin aure. Ba zan ɓoye muku ba, na saurara. Mace ba ta shekara arba'in a ɗaki ta so barinsa da furfura. Saura kwana tara idda ta cika, yana dawowa daga zaure, ya saki gora ya tako har bakin ƙofata, inda ba abin kamawa. Ya tsaya yana haki. Fuskar nan na san ta tun muna da ƙuruciya, fushin ya sauka daga kanta. Ya buɗe baki.

Ya ce, "'Yar Kalgo..."

Na ce, "Ƙafar tana ja. Yau ba ka ɗaga ta da kyau ba."

Ya rufe bakinsa. Ya juya. Kashegari ya wuce zaure har dakalin waje. Da gangan na faɗa, ku rubuta haka a zukatanku. Na ga in ya huce zai zauna, masallaci kuwa da saura.

Ruwan farko ya sauka a makon da iddata ta cika. Kawunku Garba ya zo ya ɗauke ni zuwa Kalgo, ɗakin da uwata ta rasu a ciki. Malam na zaune a dakali muka wuce, masallaci na kallonsa, bai kai ba tukuna. A Kalgo jikina ya ƙi yarda cewa aikin ya ƙare. Hantsi ya yi in miƙe zumbur, ba wanda zan kira. La'asar ta yi ƙafata ta hau ƙaiƙayi. Sai na riƙa fita ina bin hanyar fadama har inda masu shinkafa ke aiki in dawo, matan gidan suna cewa saki ya taɓa mini kai. Har yau ina yi, gwiwa na ƙara, ba don daɗi ba.

Bayan mako bakwai sai ga Baffanku Sani da goro. Ya zauna, ya sha ruwa, ya daɗe yana gaisuwa kamar bai san ni ba.

Ya ce, "Malam ya shiga masallaci. Da sanda, amma da ƙafatai. Jama'a har da masu kuka."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Ya ce a zo a nemi ki koma. A ɗaura sabo."

"Wa ke tashe shi da hantsi?"

Ya yi dariya. "Wa ya isa? Shi ka tashi da kainai. Shina tafe shina faɗin, bari 'Yar Kalgo ta ji labari."

Na ce, "To a bar shi haka nan."

"Mi kike nufi?"

"Ka gaishe shi. Ka ce na ji labari, na ce masallaci kusa ne. In ya kai gonar Kambaza a gaya mini."

Ya kwashe goronsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ke dai dutse anka sa miki a ƙirji."

Ban gaya masa dalili ba, don in na faɗa zai kai wa Malam, in Malam ya ji kuwa maganin ya lalace. Na san mijina. In na koma, kwana uku za a yi ana kunya, rana ta huɗu ya ce miƙo mini moɗa, ni kuma na gaji, ƙarfin hana shi ya ƙare mini, zan miƙa. Sau biyu ya sake aikowa. A karo na biyun, babban yayanku ya turo, na ba shi amsar da na ba Baffa, tun ranar in ya zo Kalgo a tsaye yake gaishe ni. Ko na yi daidai? Ban sani ba. Watakila da na koma da ya ci gaba da tafiyarsa, mu tsufa tare ina yi masa faɗa. Na juya wannan a raina har ya gaji da juyuwa. Abin da na sani shi ne na ga abu yana aiki, na ji tsoron taɓa shi.

Shekara huɗu ya ƙara. Bai koma jan salla ba, harshen bai saki sosai ba, amma sahun farko bai rasa shi ba, kuma damina biyu ya je gonarsa, ana sauke shi a bakin hanya ya ƙarasa da sanda. Ranar da zai rasu ya dawo daga la'asar ne, ya zauna a dakali ya ce a ba shi ruwa, kafin a kawo ya tafi. Na zo Gwandu kashegari. Ba ni da takaba, ba ni da tabarmar karɓar gaisuwa. Ku kuna ciki, ni na zauna a tsakar gida cikin mata 'yan gaisuwa, kusa da rijiya. Wata yarinyar mace da aka auro unguwar bayan tafiyata ta matsa mini wuri.

Ta ce, "Inna, kin san marigayin?"

Na ce, "Na san shi."

"An ce ya taɓa kwanciya, ɓarin jiki duk ya mutu. Matatai ta ga wahala ta gudu garinsu ta bar shi."

"Haka anka ce?"

"Wallahi. Amma kin ga ikon Allah, ba ita ba, ba kowa ba, Allah ya tashe shi."

Na ce, "Allah ne ya tashe shi."

Ita baƙuwa ce, tana iya faɗa, ban gyara mata ba. Ku kuwa daga cikina kuka fito.